Tambaya da Amsa: Annabi Irmiya da Shekaru Arba'in na Gargaɗi

Wasiƙun da suka taru a wannan wata yawancinsu sun karkata ne ga annabi guda, wato Irmiya, saboda haka muka keɓe masa filin gaba ɗaya. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin domin wuri ya ishe mu.

Tambaya: Gaisuwa da fatan alheri. An ɗora mini nauyin koya wa matasan ikkilisiyarmu littafin Irmiya, amma da na fara karatu sai na rikice. Ina cikin karanta labarin Sarki Zadakiya, in na wuce gaba sai in tarar an koma kan Yehoyakim wanda ya riga shi sarauta. Ina roƙo a warware mini wane ne wannan annabi, a wane zamani ya rayu, kuma ta ina zan kama littafin. Daga malamin makarantar Lahadi, Jos.

Amsa: Malam, Allah ya ƙarfafa ka a wannan aiki, kuma ka kwantar da hankalinka, domin ruɗanin da ka gani yana cikin tsarin littafin ne. Surori 52 ɗin nan ba a jera su bisa bin shekaru ba. Sura ta 21 tana maganar zamanin Zadakiya, ta 25 da ta 26 sun koma zamanin Yehoyakim, ta 32 zuwa ta 34 sun dawo kan Zadakiya, sannan ta 35 da ta 36 suka sake komawa baya. Maganin wannan shi ne ka fara riƙe sunayen sarakuna biyar da shekarunsu, sa'an nan kowace sura ka duba sunan sarkin da aka ambata a farkonta.

Irmiya ɗan Hilkiya ne, daga gidan firistoci na Anatot, wani ƙauye a ƙasar Biliyaminu da bai wuce tafiyar kilomita biyar ba daga Urushalima ta arewa maso gabas. An kira shi aikin annabci a shekara ta goma sha uku ta sarautar Yosiya, wajen shekara ta 627 kafin haihuwar Almasihu, yana saurayi, har ya kawo uzurin cewa shi yaro ne, bai iya magana ba. A lokacin daular Assuriya, wadda ta daɗe tana juya yankin, ta fara tangal-tangal, kuma babban birninta Nineba ya faɗi a 612. Ƙaramar ƙasar Yahuza ta sami kanta a tsakanin ƙasashe biyu masu neman gādon Assuriya, Masar ta kudu da Babila ta gabas. Yosiya, sarkin da ya gyara sujada bayan an tsinci littafin Shari'a a Haikali a 622, ya mutu a Magiddo a 609 sa'ad da ya tare Fir'auna Neko. Ɗansa Yehowahaz ya yi wata uku kacal Neko ya tuɓe shi ya naɗa Yehoyakim. A 605 Nebukadnezzar na Babila ya ci rundunar Masar a Karkemish, daga nan iko ya koma hannun Babila. Yehoyakim ya mutu a 598, ɗansa Yehoyakin shi ma ya yi wata uku, aka kwashe shi zuwa Babila a 597 tare da manyan gari da maƙera da masassaƙa. Aka naɗa Zadakiya, wanda a hannunsa birnin ya faɗi bayan shekara goma sha ɗaya.

Idan ka riƙe wannan, ina ba ka shawara ka ba zamanin Yehoyakim lokaci mai tsawo, domin a nan ne halin annabin ya fito fili. A farkon sarautar wannan sarki Irmiya ya tsaya a ƙofar Haikali ya gaya wa masu shiga sujada cewa su daina ruɗin kansu da ambaton Haikalin Ubangiji suna ɗauka ginin zai tsare su, alhali suna sata, suna kisa, suna zina, suna rantsuwar ƙarya, suna zaluntar baƙo da maraya da gwauruwa. Ya tuna musu da Shilo, wurin sujada na dā wanda ya zama kufai, ya ce wannan gida ma haka zai zama. Firistoci da annabawan fada suka kama shi nan take suka nemi a kashe shi. Abin da ya cece shi shi ne wasu dattawan ƙasa da suka miƙe suka tuna wa taro cewa Mika na Moreshet ya faɗi irin wannan magana a zamanin Sarki Hezekiya, kuma Hezekiya bai kashe shi ba, tsoron Ubangiji ya ji. Sura ta 26 ta ƙara da labarin wani annabi, Uriya ɗan Shemaiya, wanda ya yi irin wannan wa'azi, ya gudu Masar, Yehoyakim ya aika aka kamo shi aka kashe shi da takobi. Ka karanta wa ɗalibanka wannan guntun labari, domin su san cewa tsirar Irmiya da ƙyar ce, kuma akwai wanda ya faɗi gaskiya iri ɗaya bai sha ba.

Sai kuma sura ta 36, wadda a ganina babu irinta a wajen nuna taurin zuciyar mai mulki. An hana Irmiya shiga Haikali, sai ya kira magatakardansa Baruk ɗan Neriya ya yi masa shifta ta dukan abin da ya yi wa'azinsa tun daga zamanin Yosiya, fiye da shekara ashirin. Baruk ya karanta naɗaɗɗen littafin a gaban jama'a ranar azumi, ya sake karanta wa fadawa, waɗanda suka dubi juna a tsorace, suka ce masa ya je ya ɓuya shi da maigidansa. Wata na tara ne, sanyi ya kankama, sarki yana zaune a ɗakinsa na hunturu da kaskon wuta a gabansa. Wani bafade mai suna Yehudi yana karantawa, duk sa'ad da ya gama shafi uku ko huɗu sai sarki ya sa wuƙar magatakarda ya yanke wurin ya jefa a kasko, har littafin ya ƙare ƙurmus. Mutum uku, Elnatan da Delaiya da Gemariya, suka roƙe shi kada ya ƙone, ya yi kunnen uwar shegu da su. Mahaifinsa Yosiya da aka karanta masa littafin Shari'a tufafinsa ya kyakketa don nadama, shi kuwa ko gezau bai yi ba. Irmiya ya ɗauki wani littafin ya sake shifta daga farko, ya kuma ƙara maganganu da yawa irinsu. Wannan littafi na biyu shi ne ake ɗauka tushen abin da yake hannunka a yau.

Ga yadda zan so ka bi da matasan: sura ta 1, sai ta 7 haɗe da ta 26, sai ta 18 zuwa ta 20, ta 36 da ta 45, ta 27 zuwa ta 29, sannan ta 32, da ta 37 har zuwa ta 44. Bayan sun san mutumin da zamaninsa, waƙoƙin gargaɗi na surorin farko za su yi musu sauƙin fahimta.

Tambaya: Ranka ya daɗe, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Abokan gaba sun kewaye gari, sojoji suna ba da rayukansu a kan ganuwa, shi kuwa Irmiya yana gaya wa mutane su fita su miƙa wuya ga Babilawa. A ko'ina a duniya wannan cin amanar ƙasa ne. Me ya sa za mu ɗauke shi abin koyi? Daga wani tsohon soja, Kaduna.

Amsa: Baba, tambayarka tana da nauyi, kuma ta fito daga wanda ya san abin da ake nufi da tsaron gari. Irin wannan tuhuma ce fadawan Zadakiya suka yi masa, suka ce yana kashe wa mayaƙan da suka rage gwiwa, ba ya nufin jama'a da alheri. Wani mai gadin Ƙofar Biliyaminu ma, Iriya, ya cafke shi yana fita gari ya ce gudu zai yi zuwa wurin Kaldiyawa, wato Babilawa, aka yi masa dūka aka kulle shi a gidan Yonatan magatakarda. Ba zan ce waɗannan mutane duk miyagu ne ba, domin a cikinsu akwai masu kishin ƙasa da gaske. Amma akwai abubuwan da ya kamata a auna kafin a yanke hukunci.

Zadakiya ya rantse wa Nebukadnezzar da sunan Allah cewa zai yi biyayya, sannan ya karya rantsuwar yana dogara ga taimakon Masar. Irmiya ya daɗe yana cewa wannan dogaro banza ne, kuma abin da ya auka wa Yahuza hukunci ne a kan zunubinta, wanda takobi ba zai kau da shi ba. Tun wajen 594, sa'ad da jakadun Edom da Mowab da Ammon da Taya da Sidon suka hallara a Urushalima domin ƙulla tawaye, ya sassaƙa karkiya ta itace ya rataya a wuyansa ya fito gabansu, yana nuna cewa ƙasar da ta sunkuya za ta zauna a gonarta, wadda ta ƙi kuwa za ta sha takobi da yunwa da annoba. Wani annabi daga Gibeyon, Hananiya ɗan Azzur, ya tashi a Haikali ya ce cikin shekara biyu Ubangiji zai karya karkiyar Babila, a dawo da kayan Haikali da Sarki Yehoyakin. Amsar Irmiya ta farko ita ce amin, Ubangiji ya sa haka. Ina so ka lura da wannan amin ɗin, domin mai cin amana ba ya fatan maganarsa ta ƙaryata. Sai ya ƙara da cewa annabin da ya yi albishirin salama, sai maganarsa ta cika ake sanin Ubangiji ne ya aiko shi. Hananiya ya fizge karkiyar ya karya ta a gaban jama'a, Irmiya ya kama hanyarsa bai ce uffan ba, sai da maganar Ubangiji ta sake zo masa sannan ya koma ya ce an karya ta itace, ta ƙarfe ce za ta maye gurbinta, kuma Hananiya ba zai ga ƙarshen shekarar ba. A wata na biyar aka yi wannan, a wata na bakwai Hananiya ya mutu.

Yaƙin da ya biyo baya ya tafi yadda Irmiya ya faɗa. Sura ta 34 ta ce garuruwa masu ganuwa biyu ne suka rage wa Yahuza ban da Urushalima, wato Lakish da Azeka. A 1935 masu haƙar kayan tarihi sun tono wasiƙun sojoji da aka rubuta a kan sakainun tukwane a ƙofar Lakish, kuma a ɗaya daga cikinsu wani jami'i yana gaya wa shugabansa cewa suna duban alamar wutar Lakish, domin ba sa ganin ta Azeka. Rundunar Fir'auna Hofra ta fito, Babilawa suka janye na ɗan lokaci, sannan Masarawa suka koma gida. A wannan ɗan tsakanin ne manyan gari suka yi abin da ya tona asirin zuciyarsu. Da wuya ta yi wuya sun yi alkawari a Haikali sun 'yanta bayinsu Ibraniyawa, da suka ga an janye sai suka sake kamo su suka mayar da su bauta. Waɗannan su ne masu tuhumar Irmiya da rashin kishin jama'a. Bayan kewayewa ta kimanin shekara ɗaya da rabi aka fasa ganuwa, a 587 ko 586 bisa lissafin masana, aka kama Zadakiya a filayen Yariko, aka kai shi Ribla, aka yanka 'ya'yansa a gabansa, sannan aka ƙwaƙule masa idanu. Irmiya ya riga ya gaya masa a asirce cewa idan ya fita ya miƙa wuya, shi da gidansa za su rayu, ba kuma za a ƙone birnin ba. Sarkin ya amsa cewa yana tsoron Yahudawan da suka riga suka koma wajen Kaldiyawa, kada su wulaƙanta shi.

Babbar shaida a wurina ita ce abin da Irmiya ya yi bayan faɗuwar gari. Nebuzaradan, shugaban matsaran sarkin Babila, ya kwance masa sarƙa a Rama ya ce in yana so ya zo Babila a kula da shi. Wanda ya sayar da ƙasarsa, ranar karɓar ladansa ke nan. Irmiya ya zaɓi ya zauna a Mizfa tare da talakawan da aka bari a kango. Kuma shi ne mutumin da ya rubuta dogon hukunci a kan Babila kanta, a sura ta 50 da ta 51, ya ba Seraiya ɗan'uwan Baruk ya je ya karanta a can, ya ɗaura wa littafin dutse ya jefa a Kogin Yufiretis, alamar yadda Babila za ta nutse.

Sai dai ina gargaɗi a kan wani abu, Baba. Maganar miƙa wuya saƙo ne na musamman ga Yahuza a wancan lokaci, kuma bai halatta wani ya ɗauke ta ya ce wa duk wanda ake zalunta ya sunkuya wa azzalumi ba. Irmiyan nan shi ne ya tsaya ya ce wa Yehoyakim kaitonsa, domin yana gina benaye da katakon al'ul yana shafa musu jan fenti da gumin mutanen da bai biya su ladansu ba, ya kuma tuna masa cewa mahaifinsa ya tsaya wa matalauci a shari'a, kuma wannan shi ne sanin Ubangiji.

Tambaya: Shekaru sun wuce tun da mahara suka kore mu daga ƙauyenmu a kudancin Borno, mijina ya rasu a hanya, ni da yara muna zaune a gidan haya. Kullum ana karanta mini Irmiya 29:11, cewa Allah yana nufina da alheri, har a kalandar da ke ɗakina an buga ayar. Amma ban ga komawa gida ba. Wani lokaci nakan yi wa Allah ƙorafi a addu'a, daga baya tsoro ya kama ni. Shin na yi zunubi? Daga wata uwa, Yola.

Amsa: Mama, Allah ya jiƙan maigida, ya raya yaran, ya share miki hawaye. Ayar da ake karanta miki an rubuta ta ne ga mutane irinki, waɗanda aka raba da gidajensu da ƙarfi, saboda haka kin fi yawancin masu karanta miki ita haƙƙi a kanta. Abin da nake roƙo shi ne ki karanta ta daga aya ta 4, domin tana cikin wata wasiƙa ce da Irmiya ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila a 597. A can ma akwai annabawa masu gaya musu cewa kwanan nan za a koma. Irmiya ya rubuta musu cewa su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce tasu. Ya ce sai shekara saba'in sun cika wa Babila sannan Ubangiji zai komo da su, kuma a bayan wannan ne aya ta 11 ta zo. Wasiƙar ta ɓata wa wasu rai ƙwarai, har wani Shemaiya ya rubuto wa firist Zefaniya a Urushalima yana tambayar dalilin da ya sa ba a sa wannan mahaukaci a turu ba. Babila ta faɗi a hannun Sairus na Farisa a 539, aka ba da izinin komawa a shekarar da ta biyo. Yawancin manyan da suka ji an karanta wasiƙar a Babila aka binne su, 'ya'yansu da jikokinsu ne suka ga hanyar gida.

Ban faɗi wannan don in karya miki zuciya ba, kuma ban ce naki jiran zai kai nasu ba, domin wancan adadi nasu ne. Abin da nake so ki gani shi ne alherin da aka yi musu alkawari ya fara aiki tun suna baƙunci, a cikin gida da gona da tarbiyyar yara. Kuɗin makarantar da kike fafutukar biya, da 'yar sana'ar da kike yi, da zaman lafiya da maƙwabtanki, duk suna cikin abin da wasiƙar ta umarta. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu yanko ayar su kaɗai su sayar wa mabukata da alkawarin buɗi cikin kwana kaɗan, domin wannan aikin Hananiya ne, ko da an jingina shi ga Irmiya.

Game da ƙorafi kuwa, da wuya ki faɗi abin da ya kai na annabin da kansa. An hana shi aure da haihuwa, an hana shi shiga gidan makoki da gidan biki. Mutanen ƙauyensu sun ƙulla kashe shi, 'yan'uwansa na gida ɗaya sun ci amanarsa. Bayan Fashur firist ya sa an doke shi an sa shi a turu ya kwana a ƙofar Haikali, ya ce wa Ubangiji ya ruɗe shi, ya fi ƙarfinsa, ya mai da shi abin dariya dukan yini. A sura ta 15 ya tambayi Allah ko zai zama masa kamar rafin da yake ƙafewa a lokacin da ake bukatarsa. A sura ta 20 ya la'anci ranar da aka haife shi. Duk waɗannan an bar su a rubuce cikin Littafi Mai Tsarki, ba a goge ko ɗaya ba. Sau ɗaya Ubangiji ya tsawata masa ya ce ya juyo, amma a wuri ɗaya ya sabunta masa alkawarin kasancewa tare da shi. Abin lura shi ne Allah yake kai wa kukansa, kuma da ya ce zai daina ambaton sunansa, sai ya ji maganar tana ci kamar wuta a ƙasusuwansa, ya kāsa riƙe ta. Ki ci gaba da faɗa wa Ubangiji gaskiyar abin da ke zuciyarki, Mama, kuma ki nemi wata dattijuwa mai riƙon amana a zumuntar mata wadda za ki riƙa buɗe wa ciki, kada ki ɗauki wannan kaya ke kaɗai.

Akwai kuma sura ta 32 da nake so a karanta miki. Babilawa suna kewaye da gari, Irmiya yana tsare a farfajiyar matsara, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo ya ce ya sayi gonarsa ta Anatot, wadda a lokacin tana ƙarƙashin ƙafafun abokan gaba. Ya saya, ya auna masa shekel goma sha bakwai na azurfa a gaban shaidu, aka rubuta takardar ciniki biyu, ɗaya a hatimce ɗaya a buɗe, ya ba Baruk ya ce a sa su a tukunyar ƙasa domin su daɗe, gama za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Idan kina da wata takarda ko shaida ta gonarku ta gida, ki adana ta da kyau, ki kuma sanar da yaran iyakokinta.

Tambaya: Na ji wani mai wa'azi ya ce baƙar fata ne ya ceci ran Irmiya. Gaskiya ne? Daga ɗalibi, Zariya.

Amsa: Gaskiya ne, ɗana, kuma labarin yana sura ta 38. Fadawa huɗu sun nemi a kashe annabin, Zadakiya ya ce yana hannunsu, shi ba shi da ikon hana su. Suka zura shi da igiya cikin rijiyar Malkiya, wadda babu ruwa a cikinta sai laka, ya nutse a ciki, aka bar shi ya mutu da yunwa. Ebed-melek, bawan fada mutumin Kush, ya ji labari. Kush ita ce ƙasar da ke kudu da Masar a bakin Kogin Nilu, a yankin Sudan ta yau, wadda sarakunanta suka taɓa mulkin Masar kanta, kuma fassarori da yawa suna kiransa mutumin Habasha. Wannan baƙo ya tarar da sarki yana zaune a Ƙofar Biliyaminu, a bainar jama'a, ya ce masa mutanen nan sun yi mugunta. Sarki ya ba shi mutane ya ce a fito da annabin kafin ya mutu. Kafin ya nufi rijiyar sai ya biya ta wani ɗakin ajiya na fada ya kwaso tsummoki da tsofaffin tufafi, ya zura wa Irmiya, ya ce ya sa su a hammatarsa ƙarƙashin igiya, domin kada igiyar ta yanke jikin dattijon da yunwa ta rame. Wannan kulawa ta tsummoki ita ce ta fi taɓa ni a dukan labarin. Daga baya Ubangiji ya aika masa saƙo ta bakin Irmiya cewa ranar da birnin zai faɗi shi zai tsira da ransa, domin ya dogara gare shi. A haƙar da aka yi a tsohon birnin Dawuda a 2005 da 2008 an sami tambarin yumɓu masu ɗauke da sunayen biyu daga cikin fadawan nan huɗu, Yehukal ɗan Shelemiya da Gedaliya ɗan Fashur.

Tambaya: Ni Musulmi ne mai bibiyar wannan fili. Shin Irmiya yana cikin annabawan da Musulunci ya sani? Daga wani malami, Katsina.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, muna godiya da bibiya. Sunansa bai zo a cikin Alƙur'ani ba, saboda haka ba ya cikin annabawa 25 da aka ambata da suna. Amma malaman tafsiri da tarihi, irin su Ɗabari da Ibn Kasir, sun kawo labarinsa da sunan Armiya ɗan Halƙiya, a cikin bayanin rushe Baitul Muƙaddas da Bukhtanassar, wato Nebukadnezzar, ya yi. A tafsirin aya ta 259 ta Suratul Baƙara, wadda take maganar mutumin da ya wuce ta wata alƙarya da ta zama kufai, Allah ya matar da shi shekara ɗari sannan ya tashe shi, ra'ayin da ya fi shahara shi ne Uzairu ne, amma an ruwaito daga Wahbu ɗan Munabbih cewa Armiya ne.

Tambaya: Yaya ƙarshen rayuwarsa ya kasance? Daga wata mai karatu, Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, Babilawa sun naɗa Gedaliya ɗan Ahikam gwamna a Mizfa, ɗan mutumin da ya kāre Irmiya a zamanin Yehoyakim, har jama'a suka fara dawowa suna tattara amfanin gona. Ba a daɗe ba Isma'ilu ɗan Netaniya, wanda yake daga zuriyar sarauta, ya kashe shi suna cikin cin abinci tare. Sauran shugabanni, ƙarƙashin Yohenan ɗan Kareya, suka ji tsoron ramuwar Babila, suka roƙi Irmiya ya nema musu nufin Ubangiji, suka rantse za su bi ko mene ne. Bayan kwana goma amsa ta zo cewa su zauna a ƙasar, kada su tafi Masar. Suka ce ƙarya yake yi, Baruk ne ya zuga shi, suka kwashi kowa har da shi da Baruk suka gangara Tafanes a Masar. A can ma bai yi shiru ba. Sura ta 44 ta nuna shi yana jayayya da Yahudawan da suka koma ƙona turare ga allahiyar da suke kira sarauniyar sama, su kuwa suna ce masa tun da suka daina yi mata hadaya suka rasa komai. Littafi Mai Tsarki bai ba da labarin mutuwarsa ba. Wata tsohuwar ruwaya da marubutan ikkilisiya na farko suka riƙe ta ce mutanensa ne suka jajjefe shi a Tafanes, amma wannan ruwaya ce, ba nassi ba. Maganarsa ta ƙarshe a Masar ita ce za a ba da Fir'auna Hofra, wanda suka fake a inuwarsa, a hannun maƙiyansa kamar yadda aka ba da Zadakiya. A 570 sojojin Hofra suka yi masa tawaye, wani hafsansa mai suna Amasis ya ƙwace gadon sarautar Masar.